Da A Ce: Ƙagaggen Tarihi Da Sabon Hannu A Rubutu



An nemi in yi magana a kan abin da ya kamata matashi mai ilmin zamani ya yi da sauran lokacinsa, bayan ya rufe littafin darasi ko ya kulle durowar ofis. Fagen yana da faɗi ƙwarai, domin ya haɗa da zane da ɗinkin hula da kaɗa gurmi da ɗaukar hoto da tsara waƙa, ba kuwa zai zagayu duka a zama ɗaya ba. Saboda haka zan tsaya a kan sha'awa guda wadda na fi kusa da ita, watau karanta irin ƙagaggen labarin nan da ke sauya wa tarihi hanya, da kuma gwada rubuta shi. Domin sauƙin magana, ku ba ni izini in raɗa masa suna labarin da-a-ce.

Kafin in kai can, akwai wata cuta da nake so mu kira da sunanta, ita ce kunyar zama ɗan koyo. Tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa wannan ɗaki da muke zaune, an hore mu a kan abin da za a ci jarrabawa da shi, abin da kuwa ba ya cikin manhaja an ɗauke shi wasan yara. Sakamakon haka, ga saurayi ɗan shekara 23 ya san tsarin mulkin ƙasashe uku, amma in ka miƙa masa fensir ka ce ya zana tulu, sai ya janye hannu ya ce shi bai iya ba, sai ka ce akwai wanda aka haifa da iyawa. In kuwa ya ji abokinsa yana koyon rubuta labari, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake samu. Daga nan ya kama aiki, ya tashi ofis da la'asar, ya zauna majalisa ko ya duƙufa a kan waya har dare ya raba, gobe ma haka. Bayan shekara 35 a sallame shi da takardar yabo, ya koma gida ba shi da wani abu da hannunsa ya saba yi domin jin daɗin ransa. Kowannenmu ya san dattijo irin wannan, kuma ya ga yadda zaman banza ke saurin karya shi.

Abin mamaki shi ne wannan kunya baƙuwa ce a gare mu. A makarantar allo yaro yakan rubuta, malam ya gyara masa, ya hardace, ya wanke, gobe ya sake rubuta wani, ba a kuwa taɓa jin wanda ya ji kunyar allon da aka wanke ba. Yaron tela yakan shafe watanni yana dasa maɓalli yana guga kafin a yarda ya taɓa almakashi. Takarda da jan biron malamin boko su suka koya mana cewa kuskure tabo ne da ba ya gogewa, har muka gwammace mu ƙi farawa da a gan mu muna tuntuɓe.

Ku tuna kuma yadda ƙagaggen labarin Hausa na boko ya samo asali. A shekarar 1933 Dokta Rupert East na hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya ya nemi malamai su gwada rubuta dogon labari da Hausa, abin da babu wanda ya taɓa yi musu misalinsa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam an haife shi 1911, Tafawa Ɓalewa 1912. Ku yi lissafi, za ku ga sa'o'inmu ne a lokacin, ƙananan malaman Midil, ɗaya a Katsina ɗaya a Bauchi, masu koyarwa da rana su yi rubutu da fitila. Imam bai ji nauyin ɗebo abin da ya karanta a labarun Larabawa ya sa masa rigar gida ba, domin haka sabon hannu ke yi ko'ina. Littattafan da ake ba mu jarrabawa a kansu yau aikin 'yan koyo ne.

To, me ya sa na ce labarin da-a-ce ƙofa ce mai sauƙin shiga? Abin da ya fi kashe gwiwar mai fara rubutu shi ne farar takarda. An ce masa ya ƙago gari da mutanensa da rigimarsu, duk daga kansa, sai nauyin ya danne shi tun bai gama shafi ɗaya ba. Shi kuwa wannan irin labari, rabin kayan aikin tarihi ya riga ya tanada: ga gari, ga sarki, ga kasuwa, ga shekara. Aikin marubuci shi ne ya nemo mararraba guda, wurin da abu ya faru alhali yana iya ƙin faruwa, ya karkata hanyar, sa'an nan ya bi ta da gaskiya ya ga inda za ta kai shi. Ganɗoki ya kusa shiga wannan fage, tun da ya soma da yaƙe-yaƙen gaske da aka yi da Turawa kafin ya tsunduma duniyar aljannu, amma bai taɓa sakamakon yaƙin ba, Turawa dai su suka ci. Da Bello Kagara ya sa sun sha kashi, ya kuma nuna mana ƙasar bayan shekara 30, da shi ne ya buɗe mana wannan ƙofa.

Tunanin ya daɗe a duniya. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Livy, marubucin tarihin Rumawa, ya dakata a tsakiyar littafinsa ya tambayi kansa abin da zai faru da a ce Iskandar Mai Girma, wanda ya mutu a Babila shekara 323 kafin haihuwar Annabi Isa, ya juya yamma ya auka wa Rum. Da yake Livy Barume ne, ba sai na gaya muku wanda ya ba nasara ba, ko da yake hujjarsa ba ta banza ba ce: ya ce Iskandar mutum ɗaya ne, Rum kuwa tana da jarumawa da yawa, in wannan ya faɗi wani ya tashi. A 1836 wani Bafaranshe, Louis Geoffroy, ya rubuta littafi sukutum inda Napoliyon ya ci Rasha a 1812, ya haye Ingila, ya mallaki duniya. A wani kundi da aka buga 1931, Winston Churchill ya yi wata dabara da har yau take ba ni sha'awa. Ya yi rubutu kamar shi mutumin wata duniya ce inda 'yan Kudu suka ci yaƙin basasar Amurka, yana zaune yana hasashen abin da zai faru da a ce sun fāɗi a fagen Gettysburg a 1863. Watau tamu duniyar ce ta zama tatsuniya a bakinsa.

Littafin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne The Man in the High Castle na Philip K. Dick, wanda ya fito 1962. Mararrabarsa harsashi ɗaya ce. A watan Fabrairu na 1933, shekarar da su Imam ke fama da alƙalami, wani mutum mai suna Zangara ya harbi Roosevelt a Mayami kafin a rantsar da shi shugaban Amurka. Ya kuskure shi, ya sami magajin garin Cikago, wanda daga baya ya mutu. A littafin Dick harsashin bai kuskure ba. Amurka ta rasa jagoran da zai fid da ita daga karayar arziki, Jamus da Japan suka ci Yaƙin Duniya na Biyu, suka raba ta tsakaninsu. Amma abin da ya sa littafin ya zauna a raina ba taswirar ba ce. Akwai wani ɗan kasuwa Ba'amurke a cikinsa mai sayar wa Japanawa kayan tarihi, kullum yana rawar jiki kada ya yi kuskuren gaisuwa, yana kwaikwayon yadda suke magana, yana jin haushinsu a ciki yana kuma neman su yaba masa. Ba'amurke zai karanta wannan ya yi mamaki. Mu da kakanninmu suka durƙusa wa Joji da Razdan, mun san mutumin nan, wataƙila ma da danginsa a wani ofis kusa da nan.

Sai dai ina da ƙorafi a kan wannan fanni, shi ne marubutansa sun cika maƙale wa Hitila. Akwai masu kyau a ciki, kamar Fatherland na Robert Harris, na 1992, inda wani ɗan sanda a Balin ta 1964, a Jamus ɗin da ta ci yaƙi, ya bi sawun wata gawa har ya tono kisan Yahudawa da aka binne labarinsa. Amma in ka karanta biyar irinsa, na shida ba zai gaya maka sabon abu ba. Na fi ganin ƙoƙarin Kim Stanley Robinson a The Years of Rice and Salt, na 2002. Annobar da ta auka wa Turai daga 1347 ta kashe kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanenta, shi kuwa ya ce a ƙaddara ta kashe 99 cikin 100. Sai duniya ta koma hannun Sin da ƙasashen Musulmi da Indiya, kimiyyar zamani ta tsiro a Samarƙandu. Abin yabo shi ne bai mai da wannan duniya aljanna ba, domin a cikinta ma an yi zalunci, an yi yaƙin da ya ci fiye da shekara 60. A shekarar dai Steven Barnes ya fitar da Lion's Blood, inda Musulmin Afirka ne suka mallaki Amurka suna sayen bayi daga Turai. Bernardine Evaristo, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta juya cinikin bayi kai ƙasa a Blonde Roots a 2008, Nisi Shawl kuma a Everfair, na 2016, ta ƙago ƙasar da ta kuɓuta daga hannun Sarki Leopold a Kwango.

Na san akwai mai cewa a ransa, ai an hana Musulmi faɗin da a ce. Gaskiya ne akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya gargaɗi wanda masifa ta sama game da zaman cizon yatsa da jayayya da ƙaddara, Bahaushe ma ya ce da na sani ƙeya ce. Hukunci na malamai ne, amma a fahimtata abin da aka yi gargaɗi a kai shi ne baƙin cikin abin da ya wuce. Abin da nake magana a kai ya fi kama da aikin malaman fiƙihu, waɗanda suka cika littattafai da mas'alolin in kaza ta faru mene ne hukunci, domin su gane dalilin hukuncin. Wasu masana tarihi ma sun raina abin. E. H. Carr, a laccocinsa na 1961, ya ɗauke shi wasan hira ne kawai na waɗanda tarihi bai yi musu daɗi ba. Ni kuwa ina ganin duk wanda ya ce abu kaza shi ya jawo abu kaza, ya riga ya ce da babu na farko da ba a sami na biyu ba, ko ya furta ko bai furta ba. Ɗalibin da aka koya wa tarihi a matsayin jerin shekarun da dole su zo a yadda suka zo, shi ne gobe zai zauna a kujerar gwamnati yana ganin duk abin da ya tarar haka Allah ya yi shi, ba a taɓawa.

Bari in kawo misali na gida, in ɗan daɗe a kansa, domin ku ga yadda ake aikin. Kowa a nan ya san iyakar da ta raba Illela da Birnin Ƙonni, ta raba Jibiya da Maraɗi. Ba a rana ɗaya aka ja ta ba. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tabkin Cadi. A 1898 suka sake zama, suka dasa tsinin kamfas a birnin Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila. Bisa wannan yarjejeniya Ƙonni da Maraɗi duk sun faɗo ɓangaren Ingilishi. Sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta ƙasar da babu isasshen ruwa, ayarinsu ba ya iya bi sai da wahala. Suka dawo suna neman gyara.

A nan ne kifi ya shigo maganar. Tun yarjejeniyar 1713 masuntan Faransa ke da izinin kamun kifi da shanya shi a wani gefe na tsibirin Niyufanlan, wanda yau yake gabashin Kanada, abin kuwa ya daɗe yana damun Ingila. Ranar 8 ga Afrilu 1904 aka yi musaya: Faransa ta saki wannan gata nata, Ingila kuma ta ba ta wasu 'yan tsibirai kusa da Konakiri, da wani yanki a bakin kogin Gambiya, ta kuma yarda a ja iyakarmu kudu domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi. An ƙara daidaita layin a 1906. Watau dalilin da ya sa ɗan'uwanka na Ƙonni yake ƙirga kuɗinsa da sefa, ya yi karatu da Faransanci, kai kuma kana ƙirga naira, yana da nasaba da wurin shanyar kifi a wani tsibiri mai sanyi da kakanninku ba su taɓa jin sunansa ba. Wanda ya san wannan, da wuya ya sake kallon iyakar nan a matsayin abin da aka saukar daga sama.

Yanzu a ƙaddara Faransa ta ƙi sakin kifinta, iyaka ta tsaya inda aka ja ta a 1898. Sabon hannu zai yi saurin rubuta cewa Hausawa sun haɗu, kowa ya ji daɗi, labari ya ƙare. Wannan mafarki ne, ba labari ba. Ku bi hanyar a hankali. Maraɗi gari ne da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa bayan jihadi ya fid da su, suka shafe ƙarni na 19 suna kai wa juna hari da Fulanin da suka gaje su, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsina ake ce masa. Ga Ingilishi sun zo suna mulki ta hannun sarakuna, ga Sarkin Katsina biyu a hannunsu. Yaya za su yi? Tarihi ya ba mu abin aunawa. Sun bar Argungu da sarautarta dabam da Gwandu, sun bar zuriyar Haɓen Zazzau da tasu a Abuja ta dā, wadda yau ake kira Suleja, a Daura kuwa a 1906 sun mai da gidan Haɓe kan gadon sarauta. Kowace cikin waɗannan hanyoyi labari ce mai zaman kanta. Sa'an nan yaron Maraɗi mai ƙwaƙwalwa, maimakon ya nufi Yamai ko makarantar William Ponty a Senegal, Kwalejin Katsina zai tafi, ya zauna benci ɗaya da su Tafawa Ɓalewa. Talakan da ya tsira daga aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke ba sai 1946, ɗansa zai iya samun kansa a fagen yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Maraɗi kanta, wadda cinikin iyaka ya taimaka wajen mai da ita babbar kasuwa, mai yiwuwa ta tsaya ƙaramin gari a inuwar Katsina da Kano. Damagaram kuma, wadda ta riƙe hedkwatar mulkin Faransawa har 1926, ina makomarta in babu hanyar ruwa da za ta sada ta da Kwara?

Kun ga daga sauya abu ɗaya mun shiga sarauta da ilmi da haraji da ciniki, kowace tambaya kuma ta tilasta mana komawa laburare. Wannan shi ne sirrin abin: ba ka iya karkata tarihi sai ka san inda ya miƙe. Na ga ɗalibin kimiyya da bai taɓa son tarihi ba ya kwana a kan littafin yarjejeniyoyin iyaka, don kawai yana so labarinsa ya tsaya da ƙafafunsa. Mararrabu irin wannan suna nan birjik. Jirgin ƙasa ya iso Kano 1911, Turawa suna sa ran auduga, manoma suka zaɓi gyaɗa. A Tondibi a 1591 mayaƙan Sanwai sun koro garken shanu kan rundunar Maroko, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kansu. Mansa Musa ya gaya wa mutanen Masar a 1324 cewa sarkin da ya gada ya shiga Tekun Atlantika da jirage 2,000 bai dawo ba. Kowane ɗaya ya ishi mutum aikin shekara.

Gargaɗi biyu nake da su. Wannan fanni yana da saurin zama kirari, inda marubuci zai sa garinsu ko ƙabilarsu ta ci kowane yaƙi, maƙwabta su zama bayinta. Wanda ya ji labarinsa yana faranta masa rai fiye da kima, ya tsaya ya tambayi kansa wa ya yi hasara a wannan sabuwar duniya, ya ba shi baki ya yi magana. Na biyu, akwai raunukan da ba su gama warkewa ba, irin abubuwan da suka faru a 1966, waɗanda 'ya'yan mamatan suna nan da rai, wasu ma a cikin wannan ɗaki. Ban ce kada a taɓa su har abada ba, amma ba da su ake koyon aski ba.

Game da yadda za a fara, ba a bukatar kwamfuta ko tebur na musamman. Littafin rubutu na kanti da biro sun isa, da rabin sa'a da mutum zai keɓe kullum, bayan asuba ko bayan lisha, ya cika shafi ɗaya ko da bai gamsu da shi ba. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Kada a fara da sarakuna da janar-janar, domin maganarsu tana da wuyar kamawa. A fara da wanda aka san irin muryarsa, kamar mai awo a kasuwa, ko ma'aikacin kwastan, ko amaryar da za a kai wani gari, a bar mai karatu ya tsinkayi sauyin daga irin kuɗin da ke hannunta da harshen da ke jikin allon hanya. A nemi abokai uku ko huɗu a riƙa haɗuwa mako-mako ana karanta wa juna da babbar murya, da sharaɗin mai sauraro ba zai ce ya yi kyau ko bai yi ba, zai dai tambaya me ya sa kaza ta faru. Ina kuma roƙo kada a yi gaggawar zuba rubutun farko a Facebook ko WhatsApp. Yabon abokai yana sa mutum ya daina gyara, ba'ar baƙi kuma tana sa ya daina rubutun ɗungum, shi kuwa rubutun farko allo ne, don a wanke aka yi shi. Wanda ke kusa da Kaduna, ga Gidan Arewa ga Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Wanda ke nesa, yana da kaka ko wani tsoho a unguwa da ya ga zamanin En'e da idonsa, ya je ya gaishe shi da goro tun ana tare.

Wanda rubutun zube bai dame shi ba, shi ma da wurinsa. Mai son zane ya zana taswirar waccan ƙasa, ko kan sarkinta, ko takardar kuɗinta. Mai son waƙa ya tsara wa sarkin da bai taɓa hawa gado ba waƙar fada, mai kaɗa gurmi ya sa mata kiɗa. Mai ɗinki ya yi tunanin irin hular da za a yi yayi a Maraɗin da ba ta taɓa ganin Bafaranshe ba. Da haka ƙungiya guda za ta iya ɗaukar masu koyon sana'a biyar, kowa yana tuntuɓe a gaban ɗan'uwansa ba mai yi wa wani dariya.

Ga wanda yake so ya gwada hannunsa a daren nan, ga wurin farawa. A watan Fabrairu na 1956 an yi babban hawan daba a Kaduna domin Sarauniya Elizabeth, sarakunan Arewa suka zo da dawakinsu, kowa da matsayinsa a jeri. A ƙaddara Maraɗi tana cikin Jihar Arewa. Ga wani ƙaramin akawu, sa'anmu, an ba shi aikin buga jerin sunayen da keken rubutu kafin gari ya waye, ya zo kan layin da aka rubuta Sarkin Katsina, ga kuwa mutum biyu masu amsa wannan suna sun sauka a masauki da jama'arsu, kowanne ya aiko masa da ɗan saƙo. Wanda ya fara kai wannan akawu asuba, ina roƙon ya ba ni in karanta.

Shugaba, na ga ka dubi agogo.